Minti Biyar ɗin Kawu Ɗanjimma

Tun ranar da na dawo daga Doso bakina ya fi keken ɗinkina aiki. Wanda ya kawo yadi sai ya nemi benci, wanda ya zo karɓar ɗinki sai ya nemi benci, har wanda bai taɓa kawo mini ko maɓalli ba yanzu ya san hanyar shagona. Tambayar ɗaya ce: "Umaru, yaya Nijar?" Na ba da labarin nan har na fara ƙara masa gishiri ban sani ba. Shekaranjiya na ji kaina ina cewa sai da aka rufe kasuwar Doso saboda mu, alhali ko mai shayin ƙofar zauren da muka yi wasa bai tashi daga kan tebur ɗinsa ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya tun gaskiyar ba ta gudu ba, kowa ya karanta, ni kuma in koma kan ɗinkin mutane.

Ni tela ne a Aliero, ba ɗan wasa ba, kuma duk wanda ya ga tumbina ya san ba a yi ni don rawa ba. Ɗinki ne ya haɗa ni da 'yan wasan. Akwai wata malamar sakandare a Jega, Malama Rahila, Kirista ce 'yar ƙasar Zuru, ta daɗe a cikinmu har ta fi wasunmu sanin lungunan kasuwa. Ita ta ɗauki waƙoƙi tara na marigayi Bawa Ɗan Kuberi, waɗanda duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya sha su a kaset ko yana so ko ba ya so, ta jera su suka zama labari guda: saurayi ya bar gonar ubansa ya tafi ci-rani kurmi, ya sha wuya, ya dawo gida. Magana kaɗan ce a wasan, da ƙafa ake ba da labarin. 'Yan wasan su goma sha huɗu ne, da ɗalibai da 'yan kabu-kabu, jagoransu kuwa Nasiru, mahauci a kasuwar Jega, wanda in ka gan shi yana saran ƙashi ba za ka ce jikinsa na lanƙwasuwa ba. Ni na ɗinka musu kayan wasa, don haka duk inda suka je nakan bi su da allura da zare.

Da takardar gayyata ta zo daga wata ƙungiyar matasa ta Doso, sai wani abu ya tsaya mini a rai. Waƙoƙin duk daga tsofaffin kaset aka kwaso su aka zuba a memori, lasifika ke yin komai. Amma gangar da ake ji a cikin kaset ɗin nan, mai ita yana raye. Kawuna ne, Ɗanjimma, ƙanin mahaifiyata, yana Karaye ta ƙasar Maiyama. Shekara talatin da ɗaya ya yi wa Bawa kiɗa, kuma babu kaset ɗaya da ya ɗauki sunansa ko hotonsa. Da Bawa ya rasu ya rataye ganga ya koma noman gero, yanzu hannunsa na dama ya fara karkarwa. Ina so a ga Kawu yana kiɗa ko sau ɗaya kafin hannun ya ƙi gaba ɗaya, abin da ke raina ke nan.

Na samu Malama na faɗa mata. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Malam Umaru, minti arba'in da biyar aka ba mu, ba ƙari. Waƙar ƙarshe, Garma Ba Ta Ƙarya, minti biyar ce. In kawunka zai kaɗa minti biyar ya tsaya, yara su rera da baki shi ya kaɗa. In ba zai iya ba, memori na nan." Na buga ƙirji na ce ai Kawu tsohon hannu ne. Ta ce to, a kawo shi Jega a yi gwaji.

A nan na fara yin kuskure. Na hau mashin na tafi Karaye, na same shi a gindin rumbu yana gyaran igiya. Tafiyar bai musa ba, gwajin ne ya ƙi. Ya ce, "Ni za a koya ma kiɗin Bawa? Shekara talatin da guda ina bisa gangag ga, yanzu ɗiyan makaranta ka gwada min inda za ni aza hannu?" Na dawo na ce wa Malama aikin gona ya riƙe shi, amma ya ce kada ta damu. An ce ba a fafe gora ranar tafiya. Mu namu gorar har Doso muka kai ta ba a fafe ba.

Ranar tashi muka haɗu a tashar Jega da hantsi, an yi shatar bas guda. Kawu ya iso da gangarsa a naɗe cikin tsohon bargo, direba ya miƙa hannu zai ɗora ta a saman mota tare da buhunan kayan wasa. Kawu ya janye ya ce, "Wagga ba kaya ba ta, abokiyat tahiya ta." Aka yi juyin duniya ya ƙi. Kujeru kuwa a ƙirge suke. Da aka rasa yadda za a yi, kowa ya juyo ya dube ni, tunda ni na ɗebo da zafi. Ganga ta zauna a kujerata kusa da taga, ni na zauna a kan murfin injin bayan direba, ina fuskantar jama'a kamar limami bayan sallama. Daga Jega har Kalgo ina murmushi. Daga Kalgo zuwa Bunza na daina. Kafin mu kai Kamba Nasiru ya ce in an ba shi yaji da ƙuli zai iya sayar da ni.

A bakin iyaka takardunmu ba su ba mu wahala ba, don Malama ta jera komai a cikin jaka tun mako biyu da suka wuce, kowa da katinsa da takardar allurarsa. Abin da ya tsayar da mu a ɓangaren Nijar shi ne garemani. Rawar ƙarshe rawar manoma ce, kuma garmar gaske ta yi nauyi, sai aka sa kafinta ya sassaƙa goma sha huɗu na katako aka shafa musu baƙin fenti. Jami'in da ya buɗe buhun ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa ta, ya ce, "Wane irin noma kuke yi a Najeriya da garmar katako?" Nasiru ya ce, "Noman dandamali, ranka shi daɗe." Mutumin bai gane ba. Sai Nasiru ya karɓi garmar ya ja da baya, ya yi mata juyi uku a tsakiyar rana, ya dire a gabansa. Jami'in ya kira abokin aikinsa, ya ciro waya ya ce a sake. Aka sake har sau biyu kafin su buga mana hatimi suna dariya. Abu ɗaya ne ya sosa mini rai a wurin. Da aka tambayi Kawu sana'arsa, gangar tana rataye a kafaɗarsa, sai ya ce, "Manomi."

A Gaya muka ci abincin rana, kuma a nan na fara ba da kaina. Kifin wurin ba a magana, sabo ne daga kogi, an soya shi da tattasai. Amma da na ce a ba ni burodi sai aka miƙo mini wani dogo kamar taɓarya, bayansa da tauri. Na matsa shi na ce wa mai shagon, cikin ladabi, wannan ya kwana biyu, a canza mini. Ya ce yanzu aka fito da shi daga gidan burodi, da ɗuminsa ma. Na ce a garinmu burodin da ya yi wannan tauri awaki ake ba. Ya ce a garinsu burodin da ake matsawa ya lotsa, marasa haƙori ake ba. Na ci, kuma in faɗi gaskiya cikinsa da laushi, sai dai dasashina ya kwana biyu yana tuna mini. Can kuma mutum zai sayi burodin nan ya soke shi a hammata ya hau keke, ba leda ba takarda, ba mai kallonsa.

Mun shiga Doso bayan la'asar. Masaukinmu gidan Alhaji Mamman ne, dillalin albasa, wanda mahaifinsa mutumin Aliero ne da fatauci ya zaunar a can. Mata aka shigar da su cikin gida, mu maza aka shimfiɗa mana tabarmi a wani babban ɗaki da ake ajiye albasa. Sauran suna toshe hanci, ni kuwa na ja numfashi na ji kamar ban bar gida ba. Ba mu gama gaisawa ba Alhaji ya ce albasar Galmi ta ƙasarsu ta fi ta Aliero. A gidansa nake, abincinsa zan ci, amma akwai maganar da ɗan Aliero ba ya haɗiyewa. Muka yi ta yi har aka kira magariba, ya ce tasu ta fi daɗewa a ajiye, na ce tamu ba ta samun damar daɗewa don rububinta ake yi. Har muka baro garin ba wanda ya sauka.

Mutanen Doso da yawa Zabarmawa ne, gaisuwarsu "fofo", kuma da ita kaɗai na yi kwana uku ina harka. In an yi mini magana in ce fofo, in an ba ni abu in ce fofo, wata tsohuwa na taka mata ƙafa a kasuwa na ce fofo, ta ba ni amsa mai tsawo wadda na gode wa Allah da ban fahimta ba. Da rana tsaka kuma gari kan yi tsit, a rufe shaguna a tafi hutu sai la'asar. Na ce da telan Aliero zai gwada haka ana saura mako guda salla, da an cire masa ƙofar shago.

A gidan akwai mahaifiyar Alhaji, Inna Hajo, tsohuwa doguwa mai ƙarfin murya. Ashe 'yar wani ƙauye ce kusa da Karaye, aure ya kai ta Doso fiye da shekara hamsin. Da ta ji harshen Kawu sai ta sa aka ɗauko mata kujera ta zauna a bakin ƙofa, ta shiga tambayarsa mutane ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu amsar ɗaya ce, Allah ya ji ƙansu. Duk da haka ba ta gaji ba, har ta tambayi wata tsamiya da ke bakin rijiya, Kawu ya ce tana nan, ta yi murna kamar an ce mata ƙanwarta ce ke raye.

Washegari da safe muka je gwaji. Zauren wasan babba ne, dandamalin na katako, da labule ja. Mai kula da shi wani siririn mutum ne, Malam Saini, wanda ban taɓa ganin mai girmama agogo kamarsa ba. Ya nuna mana wata jar fitila a gefen dandamali, ya ce ƙungiya huɗu za su yi wasa, in lokacinku ya cika zai kunna ta, bayan minti ɗaya ya ja labule ko da sarkin garinku ne a kai. Waƙa takwas suka wuce lami lafiya. Aka zo ta tara. Aka ajiye wa Kawu kujera a gefe, ni na tsuguna kusa da shi da agogon waya, an shirya in minti biyar ta cika in taɓa masa gwiwa.

Kawu ya ɗaga gula, wato lanƙwasasshiyar sandar kiɗan, ya sauke. Hannun da ke karkarwa in zai ɗauki kofi, a kan ganga ko gezau. Yara suka ɗauki waƙa, garemani suka tashi sama tare, Malama na gefe tana gyaɗa kai. Minti biyar ta cika, na taɓa gwiwa. Kawu ya kaɗe hannuna kamar ƙuda. Baitoci suka ƙare, masu waƙa suka yi shiru, ganga ba ta yi ba. Minti bakwai, 'yan rawa suka fara janyewa ɗaya-ɗaya suna zama, aka bar Nasiru shi kaɗai a tsakiya. Malam Saini ya kunna jar fitila, ya kashe, ya sake kunnawa. Ni kuwa na taɓa, na matsa, har na mintsina, amma wanda ya yi nisa ba ya jin kira. Gumin Nasiru ya jiƙa katako. A minti na goma sha shida ƙafafunsa suka ƙi, ya durƙusa ya dogara da garmar, ta karye biyu. Sannan Kawu ya tsaya.

Malama ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Malam Umaru, gobe memori. Ba zan tsaya a ƙasar mutane a ja mini labule a fuska ba." Kawu ya ji. Ya naɗe gangarsa a bargo.

Da rana aka kawo mana dambu da kwaɗon zogale, wanda su suke kira kopto, an zuba masa mai da albasa har yana ƙyalli. Ni da ba a yi mini tayi biyu, ranar loma uku na yi. Kawu ko hannu bai wanke ba. Na ja Nasiru gefe na ce, "Kai kuma mi ya hana ka tsayawa? Rawar taka ai ta ƙare tun minti na biyar." Ya ce, "Wallai Umaru tun na shida nig gaji. To ya za ni yi? Dattijo shina kiɗi, in juya mai baya in zamna? Ba a yi min wagga tarbiyya ba."

Na koma wurin Kawu na ce, "Kawu, don Allah mi ya hana ka tsayawa?" Ya ce, "Yaron ga shina rawa, ƙahwatai na magana, in yanke shi? Makaɗi ba shi yada mai rawa bisa hanya. Da nit tsaya, da an ce gangata ta kasa, ko a ce na raina shi." Ya juya fuska ya ƙara da cewa, "Ku sa na'urarku. Ita ba ta san kunya ba." Na ji kamar in yi kuka. Na ɗauko tsoho daga gonarsa na kawo shi wata ƙasa don a gan shi, ga shi zan mayar da shi an kunyata shi.

Inna Hajo tana kan kujerarta tana jin mu. Sai ta fashe da dariya har tana dafa bango. Ta ce, "Ku ɗiyan zamani! To wa anka aje shi kama shi?" Na ce, "Kama wa, Inna?" Ta ce, "Mai rawa mana. A garinmu rawan noma ba ta ƙarewa da kanta. Mai rawa ba shi tsayawa, makaɗi ba shi tsayawa. Uwatai ko gwaggotai ka shiga hili, ta yi guɗa, ta aza mai zane bisa kahwaɗa, ta ɗaga hannunai. Shi ke nan an kama shi, ba wanda yak kasa. Kun saki yaro da tsoho cikin hili ba mai kamu, ai da sun kai gobe." Kawu ya ɗago ya ce, "To, gaya musu." Kunya ta kama ni. Na sha ganin ana yin haka ina yaro a Karaye, amma na ɗauka murna ce kawai ke shigar da mata fili.

Na ruga wurin Malama, na same ta tana manna karyayyar garma da gam. Na zayyana mata komai. Ta yi ta juya garmar a hannu, na ɗauka korata za ta yi. Can ta ce, "Wata shida ina jin ƙarshen wasan nan bai zauna ba. Yaro ya dawo daga kurmi, ya yi rawa, ba wanda ya tarbe shi." Ta tashi da kanta ta je ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Inna, za ki zama uwar Nasiru gobe?" Inna ta ce ita ba ta taɓa hawa katakon wasa ba, amma kama ɗan rawa ba yau ta fara ba. Na ce zan ɗinka mata kaya kafin safe, ta ce tufafinta ba su yi mata laifin komai ba. Malama ta juyo gare ni ta ce, "Minti huɗu da rabi ka sake ta. In aka ja mini labule, da ƙafa za ka koma Aliero."

An fara wasan bayan la'asar, mu ne na biyu. Can kafin a buɗe labule sai a buga dandamali da sanda sau uku, al'adarsu ce. Da Malam Saini ya buga, na ga hannun Kawu ya tashi zai amsa, na yi maza na riƙe gular. Wani abin mamakin shi ne 'yan kallo. Mu nan in rawa ta yi daɗi sai a cika fili, mai liƙi na liƙi, mai ihu na ihu. Su kuwa zaune suke tsit kamar ana huɗuba, sai waƙa ta ƙare su tafa su sake yin shiru. Bayan Jakin Aro, waƙar da a Jega sai an roƙi mutane su koma wurin zamansu, Nasiru ya shigo bayan labule yana haki ya ce, "Umaru, mutanen ga ba su son mu." Malam Saini ya ce masa ya kwantar da hankali, shirun nan shi ne so.

Aka zo ta tara. Wannan karon ina tsaye a gefen labule, waya a hannun hagu, Inna Hajo a damana da zane a kafaɗa. Kawu ya sauke gula. Ban san yadda zan kwatanta muku ba, amma na ga kawunan mutane a layin gaba sun fara motsi duk da shirunsu, wani dattijo da babbar riga yana buga sandarsa a ƙasa. Minti huɗu da rabi na ce, "Inna, bisimilla." Ba ta motsa ba. Na duba, idonta a rufe, hawaye na bin kumatunta, leɓenta na bin waƙar. Na ce, "Inna, don girman Allah!" Ta buɗe ido ta taka ta shiga.

Maimakon ta nufi Nasiru, sai tsohuwar nan ta tsaya a tsakiyar dandamali, ta gyara ɗaurin zane, ta karya kafaɗa ta fara takawa. Kawu kuwa ya juya gangar ya bi ƙafarta. Na ce shi ke nan, jiya mutum biyu ne suka rasa mai kama su, yau sun zama uku, kuma ni ban san hanyar Aliero a ƙafa ba. Na ga hannun Malam Saini ya tafi kan makunnin fitila. Taku shida Inna ta yi, na ƙirga su da bugun zuciyata. A na bakwai ta kama hanci ta rangaɗa guɗar da ta cika zauren, ta yafa wa Nasiru zane, ta ɗaga hannunsa sama. Kawu ya yi bugu uku ya dafe fatar gangar da tafin hannu. Fitila ba ta kama ba.

Sai zauren ya tashi tsaye gaba ɗaya, ana tafi. Kawu bai taɓa ganin an miƙe don tafi ba. A saninsa in jama'a sun miƙe, rawa za su shiga, kuma ba ya barin mutane a tsaye ba kiɗa. Na ga ya gyara zama ya ɗaga gula. Kafin in yi motsi Malama Rahila ta riga ni. Ta ratsa dandamalin da sauri, ta cire gyalenta ta aza masa a kafaɗa, ta kama hannun da ke riƙe da gular ta ɗaga shi sama. Kawu ya dube ta, ya dubi gyalen, ya yi dariya har na ga gibinsa. Ta jawo shi daga gefen da yake ta kawo shi gaba, tsakanin Nasiru da Inna. Malam Saini ya ɗauki makirfo ya faɗi sunansa da na garinsa, da Zabarmanci da Hausa, ya ce wannan shi ne hannun da ke cikin kaset ɗin Bawa. Jar fitilar ta kama a lokacin, amma labulen bai motsa ba sai da tafin ya lafa.

Da safe muka kamo hanya. Inna ta cika mana leda da kilishi, ta ba Kawu saƙon gaisuwa ga duk wanda ya rage. Yara suka yi ta waƙa har muka fita gari, sannan barci ya kwashe su ɗaya-ɗaya. Da muka yi nisa Kawu ya juyo wajena. Ya taɓa ni ya ce, "Umaru, sunana anka kira jiya?"

Na ce, "Naka, Kawu."

"Cikin lasihika?"

"Har sau biyu."

Ya gyaɗa kai, ya dubi hanya. Sannan ya ce, "Shekara talatin da guda ƙeyar Bawa nika kallo. Ashe haka huskokin mutane suke in ana kiɗi."